Monita mai 144Hz amma ta ƙi wuce 60, ina matsalar take?

Dan_Gem: Salam 'yan uwa, masana kwamfuta don Allah a taimaka. Na sayi sabuwar monita, 1440p ce (wato yawan ɗigon hotonta) kuma a jikin kwalin an rubuta 144Hz (wato tana sabunta hoto sau 144 a sakan ɗaya), na jona ta da tsohuwar wayar HDMI ɗina amma wallahi ban ga wani bambanci ba, in ina buga Counter-Strike 2 na juya maus da sauri sai hoton ya riƙa tsagewa ta tsakiya alhali gem ɗin yana nuna FPS (yawan hotunan da yake fitarwa a sakan ɗaya) sama da 200. Katin hotona (graphics card) NVIDIA ne.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Sau da yawa Windows a 60Hz yake barin sabuwar monita sai ka ɗaga da kanka. Shiga Settings, System, Display, Advanced display, nan za ka ga wajen zaɓar Hz ɗin.

Dan_Gem: Na leƙa oga, 59 da 60 kawai ya ba ni, babu 144 ɗin kwata-kwata.

Mai_Sukudireba: To malam ba setin ba ne, hanyar da hoton ke bi ce ta yi kaɗan. HDMI 1.4 ba zai iya ɗaukar 1440p a 144Hz ba ko me ka danna, sai 2.0 zuwa sama, kuma wasu monitocin ramin HDMI ɗinsu ne da kansa aka taƙaita, ko ka sayo waya mai kyau haka zai tsaya. Ni dai shawarata ka nemi wayar DisplayPort a maimakon ta HDMI ka huta, duba cikin kwalin ma ƙila an saka maka ita. Ka tabbata a jikin katin ka soka ba ramin modabod (babban allon cikin kwamfutar) na sama ba. Sannan a NVIDIA Control Panel wajen Change resolution, ka gangara ƙasa ka zaɓi wanda ke ƙarƙashin PC, na saman nan na talabijin ne shi ya sa yake maƙalewa a 60.

Hajiya_FPS: Ƙari kan nasa, FPS daban Hz daban. Katinka na zuba hoto 200 a sakan ɗaya monita tana nuna 60 kacal, tsagewar daga nan take. In 144 ta fito ka kunna FreeSync ko Adaptive-Sync da maɓallan jikin monitar, ka kunna G-Sync a NVIDIA (su ne ke daidaita gudun monita da na kati don hoto ya daina tsagewa), ka ƙayyade FPS a 141 don kar ya tsallake iyakar. Kuma ka leƙa setin bidiyo na gem ɗin, yana da nasa Hz ɗin daban, wani lokaci a 60 yake zama ko Windows ya koma 144. Kana gamawa ka buɗe testufo.com a birauza, zai nuna maka ainihin abin da monitar ke gudu a kai.