Neman kalma: yaya za mu ce intubeshan da laringoskop a shirin iyaye?

Mai fassara, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ku agaza min, gobe ƙarfe 10 na safe za mu naɗi shirin lafiya na rediyo, an ba ni bayanin likita in mayar da shi Hausa kuma na maƙale. Magana ce a kan sa wa yaro abin numfashi ta maƙogwaro lokacin tiyata ko in jariri ya kasa numfashi da kansa, wato intubeshan. Ana kwatanta hanya biyu, ta da wadda likita ke ɗaga harshe da wani ƙarfe mai fitila ya leƙa da idonsa, da ta yanzu mai kyamara a bakin ƙarfen yana kallo a allo. Ƙarfen shi ne laringoskop. Na rubuta "sa roba" amma raina bai kwanta ba.

Nas ɗin yara, Samaru:
Wa alaikumus salam Anti. Kar ki ce roba wallahi. Ta hanci da ake ba da abinci roba, ta fitsari roba, ta ƙarin ruwa ma roba, in kika ce wa uwa an sa wa ɗanta roba abinci ne zai fara zuwa ranta. Mu dai "bututun numfashi" muke cewa, iyaye suna ganewa nan take.

Ɗan Sabon Gari:
Tiyo fa? kowa ya san tiyo

Nas ɗin yara, Samaru:
A'a Yaya, tiyo na ban ruwa ne da na mota. Na jaririn da ya cika wata tara faɗin raminsa milimita 3 ne zuwa 3.5, ka ce tiyo sai uwa ta firgita.

Likitan sa barci:
Bututun numfashi ya yi. Amma Malama ki kula da abin da ya sa ake kwatancen tun farko, don shi zai nuna miki kalmar. Jariri ba ƙaramin babba ba ne, harshensa ya cika bakin, maƙogwaronsa na sama sama, murfin da ke rufe hanyar iska in ana haɗiya dogo ne mai laushi yana tare gani, ga ƙeya babba tana tanƙwara wuya in an kwantar da shi. Kuma jikinsa na cin oksijin kusan ninki biyu na babba in aka auna da nauyi, ajiyar huhunsa kaɗan ce, to in aka yi gwajin farko bai shiga ba nan da nan iskar jininsa ke sauka. Shi ya sa duk binciken abu ɗaya yake ƙirgawa, sau nawa ake dacewa a karon farko. A 2020 mujallar Lancet ta buga gwaji kan jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, mai kyamara ya dace kashi 93 cikin ɗari, na ido 88. A 2024 aka buga wani da aka yi a Dablin ta ƙasar Ailan kan sabbin haihuwa da ake sa wa cikin gaggawa, 74 da 45. Kinga tazarar ta fi fitowa inda aikin ya fi wuya.

Malamin Hausa, Ƙofar Doka:
Madalla da bayani Likita. Sai dai ban ga dalilin da za a ce laringoskop a rediyon Hausa ba. Muna da ma- da -i na kayan aiki, buɗe mabuɗi, duba madubi, to leƙa sai maleƙi. Maleƙin maƙogwaro. Shi kuma aikin a ce zurin huhu, kalma biyu an gama. Murfin nan da Likita ya faɗa ai beli ne.

Likitan sa barci:
Allah ya gafarta Malam, maleƙi ya yi min daɗi sosai, amma sauran biyun ina roƙon a bar su. Bututun ba ya kaiwa huhu, yana tsayawa ne kafin inda hanyar iska ta rabu biyu, in ya zarce yawanci ɓangaren dama yake faɗawa huhu ɗaya ya rasa iska, wannan kuskure ne muke gudu, bai kamata ya zama sunan aikin ba. Beli kuma shi ne wanda ke reto a bayan ganɗa, wanda wanzamai ke cirewa. Murfin maƙogwaro daban ne, yana can ƙasa bayan tushen harshe. In aka ji a rediyo likita na cewa beli na tare hanyar numfashin jariri, gobe wasu wajen wanzami za su nufa, kuma mun san zubar jinin da hakan ke jawowa.

Malamin Hausa, Ƙofar Doka:
Na janye beli. Zurin huhu kuwa ban janye ba, ai Bahaushe na cewa abinci ya shiga ciki ba sai ya lissafa hanyar da ya bi ba. Kuma kyamara ma ba namu ba ne, a ce maleƙi mai majigi.

Ɗalibi daga Kano, Kongo:
Kyamara ba tamu ba CE Malam. Wannan shi ne matsalar, in za a ƙirƙiri kalmar da za a ji har Sakkwato da Damagaram a bar wa daidaitacciyar Hausa, Zazzaganci ko mace da namiji bai raba ba.

Malamin Hausa, Ƙofar Doka:
Yaro, daidaitacciyar Hausar da kake taƙama da ita a ina aka buga ta? A garin nan na Zariya jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, Abubakar Imam na editanta. Hausar da na tashi da ita nake rubutawa kuma ba zan ji kunyarta ba.

Ɗan Sabon Gari:
Ni abin da ke ci min rai ma ba wannan ba ne, likitocinmu Hausawa ne amma da sun sa farar riga sai Turanci, kamar Hausa ba ta isa ɗakin tiyata ba

Nas ɗin yara, Samaru:
Ba girman kai ba ne Yaya. A ɗakin tiyata akwai Bayerabe akwai Ibo akwai ɗan Kudancin Kaduna, in yaro na shiɗewa ba lokacin neman kalma ba ne, kowa ya san in an ce Mila ana nufin miƙaƙƙen ƙarfe na jarirai, Makintosh kuma mai lanƙwasa. Hausar don iyaye muke nemanta, su ne ke sa hannu a takardar yarda ba su san me za a yi wa ɗansu ba.

Ɗalibi daga Kano, Kongo:
Ban yi nufin raini ba Malam, a yi haƙuri. Amma majigi fa silima ce ta bango, tsofaffi kaɗai za su gane. Kyamara na cikin wayar kowa.

Mai fassara, Tudun Wada:
Jama'a dare na yi. Ga abin da na rubuta ku duba: "Likita na sa bututun numfashi ta baki zuwa hanyar iska, ba hanyar abinci ba. Yana amfani da maleƙin maƙogwaro, ko dai na gani da ido, ko mai kyamara."

Likitan sa barci:
Ya yi. Ki ƙara cewa na ido ba tsohon yayi ba ne da za a ƙi, a hannun gwani yana aiki lafiya, kuma in jini ko majina ya rufe kyamara shi ake komawa. Kar iyaye su ji sun shiga uku don asibitinsu babu mai kyamara. Babban amfanin mai kyamara shi ne mai koyarwa na ganin abin da ɗalibi ke gani a allo ya gyara masa.

Malamin Hausa, Ƙofar Doka:
An ɗauki maleƙi, to alhamdulillahi. Amma "sa bututun numfashi" bayani ne ba suna ba, har yanzu intubeshan ba shi da kalma tasa. Ni a ajina zurin maƙogwaro zan koyar tunda huhun ne Likita ya ƙi.

Mai fassara, Tudun Wada:
Na gode Baba, na gode kowa. Zan tafi da bututun numfashi a gobe, in mai gabatarwa ya yarda zan ambaci zurin maƙogwaro sau ɗaya mu ji abin da masu kiran waya za su ce. Murfin maƙogwaron fa, in bar shi haka ko akwai mai wata kalma kafin asuba?