Wata 7 ina shan maganin homon, ɗigon jini ya ƙi tsayawa

Assalamu alaikum. Likitocin mata da 'yan uwa da suka taɓa shan irin wannan magani, ku taimaka min.

Shekarata 52, al'adata ta ɗauke shekara 2 da suka wuce. Zafi ne ke taso min daga ƙirji zuwa fuska, gumi kuma har sai na canza rigar barci tsakar dare. Likita ya ɗora ni kan ƙwayoyin homon iri 2: estradiol 1mg kullum, da progesterone 100mg da dare don kare bangon mahaifa, tunda mahaifata tana nan. Gumin kam ya tafi, alhamdulillah.

Amma tun wata na 2 nake ganin ɗigon jini mai ruwan ƙasa, kwana 3 ko 4, ya ɗauke, ya dawo. Ko lissafin sallata ya rikice. An ce in yi haƙuri, kafin wata 6 zai daidaita. Ban taɓa tsallake ƙwaya ba, in ban da sati 2 da na daina sha. Hoton mahaifa ya nuna kaurin bangonta milimita 4, aka ce ba komai. Da na daina sha sati 2, gumin ya dawo fiye da da.

Shin a wannan mataki canza awon progesterone ɗin ya isa, ko dole sai an ɗebi naman bangon mahaifa an gwada tukuna?

Na gode.