Haraji ne ya sa Amurkawa suka ɗauki bindiga suka yaƙi Ingila mai yi musu mulkin mallaka, ko kwaɗayin fili?

Malamin Tarihi: Ni dai na ce mutanen nan suna da hujja. A 1765 majalisar Ingila ta ɗora musu harajin hatimi, kowace jarida da takardar kotu har katin wasa sai an biya, alhali ba su da wakili ko ɗaya a majalisar. Ana yi maka aski a bayan idonka, ya za ka yi?

Baban Khalifa: Malam, da girmanka, amma ai an soke wannan harajin a 1766. Kuma Ingila bashin yaƙin shekara bakwai ne ya yi mata katutu, yaƙin da ya kawar musu da Faransa. Sun sha romo, an kawo lissafi sun ce zalunci ne.

Malamin Tarihi: An soke, amma a ranar aka kafa doka cewa majalisa na da ikon yi musu kowace irin doka. Sannan 1770 sojoji suka harbe mutum biyar a Boston, 1774 aka rufe tashar jirgin ruwan garin.

Baban Khalifa: Bayan sun kifar da akwatin shayi 342 a teku! Shayin da dokar 1773 ta rage wa kuɗi ma fa.

Anti Mairo: Ku bar maganar shayi. Ku duba sanarwar da Sarkin Ingila ya yi a 1763, wadda ta hana su tsallaka duwatsun Appalachian su mamaye ƙasar Indiyawa 'yan asalin Amurka. George Washington kansa, wanda ya jagoranci sojojinsu, yana da filaye a can yamma. Su ma 'yan kama-wuri-zauna ne, aka taka musu burki.

Malamin Tarihi: Hajiya, wannan gaskiya ne. Sai dai ko bayan an fara harbi a Lexington, sun aika wa Sarki George III takardar neman sulhu a Yulin 1775, ya ƙi ko dubawa.

Anti Mairo: To wa ya rubuta a takardar ayyana 'yancin kan Amurka cewa duk mutane daidai aka halicce su? Jefferson, wanda ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. Shi ya sa da Dunmore, gwamnan da Ingila ta naɗa a Virginia, ya yi wa bayin 'yan tawaye alkawarin 'yanci, ɗaruruwa suka gudu wajen Ingila.

Baban Khalifa: Malam ya yi shiru.

Malamin Tarihi: Sallah na je. Dunmore ma nasa bayin bai sake su ba.