Sun ce in karɓi rabin albashina in sa hannu: in yarda ko in nemi lauya?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Shekara shida ina aikin karɓar kuɗi a wata makarantar kuɗi a Tudun Wada, sai aka sallame ni da baki alhali ina bin su albashin wata uku. Yanzu mai makarantar ta ce za ta biya rabi idan na sa hannu cewa ba na bin su komai. Ina neman shawararku.

Baban Sadiq: Hajiya, ni na je Kotun Ma'aikata da ke Kaduna a kan wani kamfanin gadi. Lauya ya karɓi naira dubu 150, kuma sau biyar ina hawa mota da asuba daga Kwangila a Zariya zuwa Kawo a Kaduna, ina isa a ce an ɗage zama. Babur ɗina na sayar, har yau takardun suna cikin leda a ƙarƙashin katifa.

Ɗan Samaru: Baba, an cuce ka. Yayata dubu 30 ta biya aka rubuta wa shugabanta wasiƙa, cikin mako biyu ya biya.

Baban Sadiq: Wasiƙa daban, shari'a daban, yaro.

Ɗalibar Kongo: Anti, kada ki sa hannu tukuna. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tanadi sanarwar wata guda ga wanda ya shekara biyar ko fiye, ko a biya shi kuɗin watan a madadinta. Ki adana saƙonnin banki na albashin baya, domin su ne shaidarki idan ba a ba ki takardar ɗaukar aiki ba.

Tsohon Ɗan Ƙungiya: 'Yata, abin da ke littafi ke nan. Mu da muka zauna teburin sulhu mun san dattijon unguwa ɗaya ya fi sashe goma saurin fito da kuɗi.

Ɗalibar Kongo: Da girmamawa Baba, idan ta sa hannu, dattijo ba zai warware shi ba.

Na Sabon Gari: A ba ni rabin in riƙe mata amana har ku gama gardama.

Malama Gyallesu: Ku kuna ta albashi, mu kashi 8 ake cire mana duk wata da sunan fansho, na duba asusuna na tarar shekara biyu ba a zuba ko kwabo ba. Wannan kuma wa ake kai wa?

Maman Hanifa: Jama'a, ranar Litinin fa ta ce in kawo amsa.