Wai Musulmi ba zai ci ya ƙoshi a Japan ba?

Aminu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya na dawo daga Japan, kwana 12 tsakanin Tokiyo da Kiyoto. Ƙasa ce mai tsafta da mutunta baƙo, amma ina nan a kan bakana: Musulmin da ke kiyaye abin da yake sa wa cikinsa ba zai ci ya ƙoshi a can ba.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, sannu da hanya. Amma ban yarda ba. Shekara uku na yi a Kobe lokacin da maigidana ke karatu, ban taɓa kwana da yunwa ba.

Aminu: Hajiya, ke a gida kike girki. Ni daren farko na shiga wani ɗan shagon taliyar da suke kira ramen, kujeru ba su fi takwas ba. Aka ajiye wa na kusa da ni kwano, romon fari fat kamar an zuba madara, ƙamshi ya cika wurin. Da na tambaya, ashe ƙashin alade ne ake tafasawa awanni masu yawa har ya yi haka, tonkotsu suke ce masa. Na ba da haƙuri na fita.

Malam Idi: To ka bar nama mana. Ƙasar tsibirai ce, kifi ko'ina. Hadisi ya ce game da teku, ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Ba ruwanka da tambayar wa ya yanka.

Aminu: Allah gafarta Malam, ba kifin ne damuwata ba, abin da ake haɗa shi da shi ne. Suna da mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi, a wurinsu kamar yadda muke jefa daddawa a miya take. Tana shiga romo, tana shiga miyar da ake shafa wa gasasshen kifi. Ka tambayi mai shago ko akwai giya a abincin, ya ce babu da zuciya ɗaya, don shi kayan girki ya ɗauke ta.

Hajiya Rabi: Wannan gaskiya ne, kuma shi ya fi ba ni wahala a watannin farko. Amma akwai mafita. Ka nemi shioyaki, kifi ne gasasshe da gishiri kawai, ka haɗa da farar shinkafa. Ko sashimi, ɗanyen kifi da aka yayyanka siriri, ba a sa masa komai. Kuma ka haddace harafin 豚, shi ne alade. Da shi nake duba bayan leda a shagunan Lawson da FamilyMart kafin in saya.

Zainab: Anti, ɗanyen kifi fa? Ba ya ƙarni?

Hajiya Rabi: Ko kaɗan in sabo ne, 'yata. Abin da na zaci zai gagare ni shi ne natto, waken suya da ake bari ya ruɓa har ya riƙa yauƙi, in ka ɗaga sai zare ya biyo. Ina buɗe robar na ji warin daddawa sak. Baƙi da yawa na gudunsa, ni kuwa da shi nake karyawa.

Bashir: Yaya Aminu, ba ka je unguwar Shin-Okubo a Tokiyo ba? Bayan tashar jirgin akwai lungun da ke cike da shagunan halal. Babban masallacin Tokiyo da ke Yoyogi-Uehara, wanda aka sake ginawa a 2000 da fasalin masallatan Turkiyya, shi ma yana da shagon kayan halal.

Aminu: Na je, na yi Juma'a a can. Amma abin da na ci a lungun nan shinkafar Indiya ce da kebab. Ban yi doguwar tafiyar nan don in ci abincin Indiya ba. Nasu nake so, shi ne ya gagare ni.

Malam Idi: To ka ga maganar ta sauya. Da ka ce ba za a ƙoshi ba, yanzu kuma ka ce nasu ne ya gagara.

Aminu: Na karɓi gyara, Malam. A kan na biyun nake tsaye.

Hajiya Rabi: Shi ma ban sakar maka ba. Asalin abincinsu shinkafa ne da kifi da ganye. Tun shekarar 675 Sarki Tenmu ya hana cin naman wasu dabbobi, ƙyamar nama ta daɗe, sai a 1872 Sarki Meiji ya ci naman sa, jama'a suka biyo baya. Har gobe a wuraren ibadar 'yan Buddha na Kiyoto ana yin shojin ryori, girkin da ba nama ba kifi, daga awara sai ganyaye.

Aminu: Shi ma sai an tambaya ko da mirin a ciki.

Hajiya Rabi: Sai an tambaya, ban musa ba. Ni takarda nake riƙewa a jaka da aka rubuta mini da Japananci: ba alade, ba giyar shinkafar da suke kira sake, ba mirin. Mai shago zai karɓa da hannu biyu, ya shiga ciki ya tambayo mai girki, in ba zai yiwu ba ya dawo ya rusuna ya faɗa maka gaskiya.

Zainab: Anti, don Allah ki turo mini hoton takardar. Watan Afrilu zan tafi Osaka in sha Allah.