Gano tsagewar bututun haƙa da maganaɗisu: abin da masu burtsatse suka tsayar

Masu haƙar burtsatse na wajajen Ringim da Gumel da suka tattauna kan gwajin bututun ƙarfe, irin wanda ake yi wa bututun rijiyoyin mai, sun fi ba na'urar maganaɗisu mai ƙafa biyu, wadda ake kafawa a jikin bututu don gano tsagewa, muhimmanci.

Kafin komai a gwada ƙarfinta. Mai aiki da wutar AC (irin ta janareto) dole ta ɗaga ƙarfe mai kilo 4.5, ta DC (irin ta batir) kuwa kilo 18. In janareto ya yi rauni, ƙarfin ya ragu, sai tsagewa ta ɓuya ka ɗauka bututu lafiya yake.

A wanke haƙoran murɗi, wato na bakin bututu inda ake ɗaura shi da wani, da kananzir da buroshin waya, a fesa farin fenti siriri. A kafa ƙafafun na'urar tazarar santimita 8 zuwa 20, a zuba ruwan garin ƙarfe tana kunne. Inda ya tsage, garin zai taru ya ja baƙin layi kamar gashi. Nan aka fi jan kunne: tsagewar da ta bi hanyar maganaɗisun, wato ta miƙe daga ƙafa ɗaya zuwa ɗayar, ba ta fitowa, don haka a juya na'urar a gicciye a sake gwadawa. A fi duba gindin haƙoran da wurin da maƙalli ke cizon bututu.

Bayan gwaji a cire maganaɗisun da ya saura a jikin bututun, ta janye na'urar AC a hankali tana kunne har ta yi nisa. In an bar shi, ɓarɓashin ƙarfe zai manne a haƙoran ya cinye su, kuma wutar walda ta riƙa karkacewa.