Shekara guda a Kudus: gina yaro take yi, ko raba shi da gida?

Auwal: Salamu alaikum jama'a. Abokin karatuna a nan New York Bayahude ne. Da ya gama sakandare bai wuce jami'a ba, sai iyayensa suka tura shi Kudus ya yi shekara guda a makarantar addini, wadda suke kira yeshiba. Al'ada ce mai ƙarfi a gidajen Yahudawan Amurka masu riƙo da addini, har Yeshiva University tana lissafa shekarar a cikin karatun digiri. Da bakinsa ya ba ni labari: ranar da ya dawo, mahaifiyarsa ta dafa masa kazar da ya fi so. Kafin ya sa hannu sai ya tambaye ta tambarin wane malami ne a jikin ledar naman, wato shaidar cewa naman ya halatta a addininsu. Ta tashi ta shige ɗaki tana hawaye. Ana cewa wannan shekara shugabanni take fitarwa. Ni a ganina raba yaro take yi da gidansu.

Malama Hadiza: Auwal, labarin ya taɓa ni, amma ba a yanke wa gari hukunci da gida ɗaya. Ka san yadda ake karatun? Ba malami ke zuba su suna haddacewa ba. Biyu-biyu suke zama, Talmud, babban littafin fiƙihunsu, a tsakani, wannan ya karanta ya fassara, wancan ya ce bai yarda ba, kawo hujja. Habruta suke kiran tsarin. Zauren kamar kasuwa don hayaniyar gardama, tun safe har dare. Yaro ɗan shekara 18 da ya yi wata goma ana tsare shi da hujja, ai ya koyi tsayawa a gaban mutane. Kuma ka dubi 'yan mata. A da Talmud na maza ne. Makarantar da yanzu ake kira Midreshet Lindenbaum ta fara koya wa mata shi a Kudus tun 1976. Nishmat, wadda Chana Henkin ta kafa a 1990, tana yaye mata masu amsa tambayoyin 'yan'uwansu mata kan hukuncin tsarki da zaman aure. In wannan ba shugabanci ba ne, mene ne?

Malam Sani: Ku tambayi kanku me ya sa iyaye ke zuba kuɗin. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya ce Yahudawan Amurka kusan miliyan 7.5 ne, kuma cikin waɗanda suka yi aure daga 2010, kashi 61 cikin 100 ba Bayahude suka aura ba. Tsoron 'ya'yansu su narke cikin sauran jama'a ne ke tura su. Uwar da ta yi kuka, ita ta biya kuɗin jirgin.

Auwal: Ai nan ne ciwon, Malam. Ta tura shi ya riƙe abin da ke gidan, ya dawo yana ganin gidan bai isa ba.

Bashir: Kuna ta magana kamar a sama makarantun suke. Yeshivat Har Etzion, ɗaya daga cikin waɗanda 'yan Amurka da Ingila suka fi zuwa, a Alon Shvut take, matsugunin Yahudawa a Gaɓar Yamma da Kogin Jodan, yankin da Isra'ila ta mamaye a 1967. Shirin Masa da ke tallafa wa masu zuwa dogon karatu, gwamnatin Isra'ila da hukumar Jewish Agency ne suka kafa shi a 2004. Shirin Birthright kuwa tun 1999 yake kai matasan Yahudawa Isra'ila ziyarar kwana goma kyauta. Mai ba ka abinci shi ke zaɓar labarin da za ka ji. A 2018 wasu matasan Yahudawa da kansu suka fice daga ziyarar Birthright, suka ce an ɓoye musu halin da Falasɗinawa ke ciki. Wane irin shugaba ne zai fito daga wurin da bai ji ɓangare ɗaya ba?

Malama Hadiza: Malam Bashir, wannan tambaya tana da nauyi, ban da abin musu a kanta. Abin da zan ƙara kawai, tafiya neman ilmi a wurinsu ta girmi ƙasar Isra'ila. Makarantar garin Volozhin, a gabashin Turai, an buɗe ta a 1803, ɗalibai na zuwa daga nesa. Ta garin Mir, shi ma a can, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, malamai da ɗalibai suka gudu ta Japan har Shanghai, suka ci gaba da karatu a can. Kada mu haɗa mai neman littafi da mai tallan siyasa a kwano ɗaya, ko da wani lokaci ƙofa ɗaya suke shiga.

Baba Isa: Yara, ni ban taɓa zama da Bayahude ba, amma labarin Auwal na san shi. Ɗan ƙanena ya yi karatu a ƙasar Larabawa, ya dawo yana gyara wa ubansa alwala a gaban baƙi. Ilminsa gaskiya ne, ladabin ne bai nuna ba tukuna. Sai da ya yi aure, ya fara limanci, mutane suka riƙa kawo masa matsalolinsu, sannan ya yi laushi. Shekara guda tana cika kai. Ba na jin tana isa ta koya wa mutum yadda zai shiga gidan da ya haife shi da abin da ya ɗebo. Auwal, abokin naka yanzu yaya suke da uwar?

Auwal: Baba, na tambaye shi jiya. Ya ce a daren da abin ya faru ya kira malaminsa na Kudus, malamin ya yi masa faɗa sosai, ya tuna masa cewa girmama iyaye yana cikin dokoki goma na Attaura. Washegari ya ba ta haƙuri. Yanzu shi ke jan addu'ar yammacin Juma'a ga ɗaliban Yahudawa a makarantarmu, daga yammacin nan, da shigar Asabar ranar hutunsu, yake kashe waya sai washegari da dare. Amma ya faɗa mini wani abu da ya sa ban janye maganata duka ba. Har yau in zai je gida, uwar tana ajiye ledar naman a kan teburin kicin, tambarin yana kallon sama, don ya gani ba sai ya tambaya ba.